Hayaniyar Majalisa da Kuɗin Baitulmali

A cikin dukan takardun da gwamnati ke kai wa gaban majalisa, babu wadda ta kai kasafin kuɗi tayar da jijiyar wuya, kuma dalilin haka a fili yake, gama sauran dokoki suna bayyana abin da aka halatta ne da abin da aka hana, amma kasafi shi ne ke faɗin wanda za a karɓa daga aljihunsa da wanda za a danƙa wa, da garin da zai sami kwalta bana da wanda zai ƙara shekara guda yana fama da taɓo. Saboda haka duk inda aka zauna a kansa, daga Abuja har Washington, sai an ji muryoyi sun ɗaga, har masu hankali suka rabu biyu a kan wata mas'ala: shin wajibi ne wakilan jama'a su riƙe ladabi da sassauci yayin wannan jayayya ko da za a rasa wani abu na gaskiya, ko kuwa ɗacin baki da tsayuwa kan ra'ayin jam'iyya su ne farashin da dole a biya idan ana son tsare dukiyar al'umma?

Wanda ya kalli zaman haɗin gwiwa na Majalisar Tarayyar Najeriya ranar 19 ga Disamba 2018 ya ga mas'alar da idonsa. Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kasafin 2019 na naira tiriliyan 8.83, ana saura wata biyu zaɓe, kuma shugabannin majalisun biyu, Bukola Saraki da Yakubu Dogara, sun riga sun bar jam'iyyarsa ta APC sun koma PDP. Duk lokacin da ya ambaci wani aiki da gwamnatinsa ta yi, sai wani sashe na zauren ya kaure da ihu ana ƙaryata shi, ɗaya sashen kuma ya miƙe tsaye yana tafi yana ɗaga 'yan yatsu huɗu, alamar neman ƙarin shekara huɗu, har shugaban ya dakata da karatu ya tunatar da su cewa duniya tana kallonsu. Aka watse, kowa na da labarin wanda ya fi wani ihu, amma da wuya ka sami wanda ya fita da adadin abin da aka ware wa ilimi ko lafiya a kansa.

Masu goyon bayan ladabi daga nan suke ɗauko hujjarsu ta farko, wato cewa kasafi lissafi ne, lissafi kuwa ba ya shiga kan mai fushi. Littafi ne mai dubban layuka, kowane layi da sunan ma'aikata da aiki da adadi, kuma ɓarnar da ke cikinsa takan ɓuya ne a ƙananan wurare, inda za ka ga an maimaita sayen motoci iri ɗaya a sassa biyu, ko an ɗora gina rijiyar burtsatse a kan cibiyar da aikinta bincike ne, abin da ba mai ganinsa sai wanda ya zauna da natsuwa da alƙalami a hannu. Suna ƙarawa da cewa malamanmu na dā ba su ɗauki wannan al'amari da wasa ba, har suka mai da shi fanni mai zaman kansa da ake kira adabul bahsi wal munazara, inda ake koya wa ɗalibi ya maimaita maganar abokin jayayyarsa yadda shi mai maganar zai yarda da ita kafin ya fara warware ta. Kuma Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi doguwar magana a kan cututtukan da munazara ke haifarwa idan niyya ta gurɓace, irin su hassada da girman kai da bin diddigin aibin mutane da ƙin gaskiya don ta fito daga bakin abokin gaba. In kuwa malamai masu jayayya a kan hukuncin alwala suna bukatar wannan gargaɗi, ina ga 'yan siyasa masu jayayya a kan tiriliyoyi?

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa kuɗi abu ne da ke rabuwa, saboda haka jayayyar kasafi, saɓanin jayayyar aƙida, kullum tana da mahaɗa: mai cewa goma da mai cewa shida suna iya haɗuwa a takwas. Abin da ke toshe wannan mahaɗa shi ne zagi, domin wanda ya tsaya gaban magoya bayansa ya kira abokin hamayyarsa ɓarawo maƙiyin ƙasa ya ɗaure kansa da kansa, gobe ba shi da fuskar da zai zauna da shi su daidaita, in ya yi haka mutanensa ne za su fara kiransa maci amana. Amurka ce babban misalinsu. A can, idan majalisa ba ta amince da kuɗin gudanarwa ba, ofisoshin gwamnati da yawa rufewa suke yi. An yi haka kwana 21 daga ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996 tsakanin Shugaba Clinton da kakakin majalisa Newt Gingrich. An yi kwana 16 a Oktoban 2013 saboda dokar inshorar lafiya ta Obama. Sa'an nan daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019 aka yi kwana 35, saboda Shugaba Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Meziko majalisar kuma ta ƙi, ma'aikata kimanin 800,000 suka zauna ba albashi, wasu a gida, wasu kuma irin masu binciken kaya a filayen jirgin sama aka tilasta musu aiki a haka. Da aka buɗe, ba a ba shi kuɗin da ya nema ba, wato wahalar da aka ɗora wa ma'aikatan ba ta sayo wa kowa kome ba.

Ba sai mun haye teku ba ma. A Ghana, bayan zaɓen 2020 ya bar manyan jam'iyyu biyu da kujeru 137 kowacce, ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya kawo kasafin 2022 da sabon haraji na kashi 1.75 cikin ɗari a kan kuɗin da ake aikawa ta waya. 'Yan adawa suka yi watsi da kasafin bayan 'yan gwamnati sun fice, bayan 'yan kwanaki 'yan gwamnati suka zauna su kaɗai suka soke wancan hukunci, daga ƙarshe a daren 20 ga Disamba 2021 aka ba hammata iska a gaban kujerar kakaki. A Kaduna kuwa dattawa ba su manta da abin da ya gudana ba tsakanin Gwamna Balarabe Musa na PRP da majalisar da NPN ta fi rinjaye a cikinta, wadda ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun daga 1979 har ta tsige shi a Yunin 1981. Masu wannan ra'ayi suna cewa jinkiri kansa haraji ne da ake ɗora wa talaka ba tare da an sanar da shi ba: kasafin 2016 sai 6 ga Mayu aka sa masa hannu, na 2017 sai Yuni, na 2018 sai 20 ga Yuni, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san ma'anar sakin kuɗin hanya bayan ruwa ya sauka, ko kai wa manomi taki bayan gero ya yi bununi.

Duk wannan gaskiya ne, amma ɗaya ɓangaren ma ba da hannu sake suka zo ba. Suna farawa da cewa kuɗin baitulmali amana ce, kuma wanda aka wakilta ya tsare amana, in ya ga ana cinta ya yi shiru don kada a ce ba shi da kunya, to, ya zama abokin tarayya. Suna kawo labarin da aka ruwaito na Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda wani daga cikin jama'a ya tare shi yana kan mumbari ya tambaye shi yadda aka yi rigarsa ta fi rabon yadin da aka ba kowa, alhali shi dogon mutum ne, halifan kuwa bai ce a fitar da mai tambaya ba, sai ya sa ɗansa Abdullahi ya tashi ya bayyana cewa nasa rabon ya ƙara wa mahaifinsa. Suna kuma tunatarwa cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, bai yi wa sarakunan zamaninsa sassauci ba a kan harajin da suke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. A nasu ganin, kiran da ake yi na a sassauta murya sau da yawa daga bakin mai riƙe da tukunya yake fitowa, domin shi ne shiru ke yi wa amfani.

Misalinsu mafi ƙarfi daga Ingila yake, ƙasar da ake yawan buga misali da ita wajen natsuwar majalisa. A Afrilun 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo kasafin da ya ƙara haraji a kan masu manyan kuɗin shiga da masu filaye, don a biya fanshon tsofaffi a kuma ƙera jiragen ruwan yaƙi. Bai kare shi da tattausar murya ba: a jawabinsa na unguwar Limehouse a gabashin Landan ya yi wa masu filaye tatas, a Newcastle kuma ya yi musu ba'a da cewa kuɗin riƙe babban basarake guda ya kai na jiragen yaƙi biyu. Majalisar masu sarautar gado ta yi watsi da kasafin a ƙarshen Nuwamba da ƙuri'a 350 a kan 75, aka yi babban zaɓe har sau biyu a 1910, a Yulin 1911 'yan adawa suka hana Firayim Minista Asquith magana da ihu na wajen rabin sa'a, amma a ƙarshe aka kafa dokar 1911 wadda ta hana masu sarauta riƙe dokar kuɗi fiye da wata guda. Da Lloyd George ya zaɓi ladabi, in ji su, da wataƙila ba a kai nan ba. Haka kuma soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP suka yi a Kano da Kaduna bayan 1979 ɗiya ce ta shekaru wajen talatin na zafafan maganganu tun zamanin NEPU, maganganun da a lokacinsu aka kira rashin kunya, wasu masu yinsu har kurkuku suka sha.

Sai kuma su juyo ga abin da ya fi kusa. A Fabrairun 2016 ministan lafiya Farfesa Isaac Adewole ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya ce alƙaluman da ke gabansu ba su ne ma'aikatarsa ta miƙa ba, har ya ce ɓeraye ne suka shiga kasafin; kafin nan, a Janairu, majalisar dattawan ta yi ta cece-kuce a kan ɓatan takardar kasafin da shugaban ƙasa ya ajiye mata. A Yuli kuma, da aka sauke Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, daga shugabancin kwamitin kasafi na majalisar wakilai, sai ya fito ya zargi kakaki Dogara da wasu shugabannin majalisar da yin cushe, su kuma suka musanta suka mayar masa da zargin. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, daga wannan faɗa ne mutanen gari da yawa suka fara fahimtar yadda ake shigar da ayyuka a kasafi bayan ya bar hannun gwamnati, abin da shekaru na zaman lafiya tsakanin 'yan majalisa ba su taɓa bayyana musu ba. Majalisa ta tara kuwa, ƙarƙashin Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila, ta yi alfahari da fahimtar juna tsakaninta da fadar shugaban ƙasa, kuma lalle ta dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, gama na 2020 an kawo shi 8 ga Oktoba 2019 aka sa masa hannu 17 ga Disamba. Amma ita ce kuma a 2023, daf da ƙarewar wa'adinta, ta amince da mai da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta ranta daga Babban Banki ya zama bashi na dogon zango, shi ya sa mutane suka laƙaba mata sunan 'yan amshin Shata. Wanne ya fi tsada, in ji masu wannan ra'ayi, ihun yini guda ko wannan shirun?

Ni dai, bayan na auna maganganun nan biyu, na fi karkata ga cewa kowane ɓangare ya kama gefen rigar gaskiya ya zaci ita ce rigar duka, kuma akwai abin da ya kuɓuce musu su duka, wanda labarin Jibrin da kansa ke nunawa. Jibrin da Dogara a lokacin 'yan jam'iyya ɗaya ne, kuma cikin waɗanda ya zarga akwai shugaban marasa rinjaye na PDP. Ma'ana, a majalisarmu rarrabuwar jam'iyya takan tsaya ne a zauren da ke da kyamara, amma a ɗakin kwamiti, inda ake raba ayyukan mazaɓu da aka saba ware wa kimanin naira biliyan 100 kowace shekara, da wuya ka ji an ce 'yan adawa sun fice don fushi. Shugaba Buhari da bakinsa, yayin sa hannu a kasafin 2018, ya koka cewa majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da gwamnati ta gabatar, ta shigar da nata 6,403 na naira biliyan 578, kuma wannan ba aikin jam'iyya ɗaya ba ne. Idan haka ne, mai kukan cewa gaba ta yi yawa da mai kukan cewa shiru ya yi yawa duka sun faɗi gaskiya a kan majalisa guda a shekara guda, illa dai zafin yana inda ba ya tsare ko kwabo, sanyin kuma yana inda kuɗin ke zurarewa.

Saboda haka nake ganin ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne inda zafin ya dosa, ba yawansa ba. Mutumin da ya tare Umar a kan adadin yadi ya tsaya, abin da ake iya aunawa a kuma ba da amsa a kansa nan take, bai ambaci asalin halifa ko ƙabilarsa ba. Shi ya sa tambayarsa ta sami jawabi. Lloyd George kuwa, duk da kaifin harshensa, ya kai ƙararsa gaban masu zaɓe ne, kuma waɗanda suka sha kaye, bayan sun gama ihunsu, sun bi dokar. Wannan ya bambanta ƙwarai da ɗan majalisar da zai riƙe albashin mai gadin ofis garkuwa don ya tilasta abin da ba shi da ƙuri'ar samunsa, ya kuma bambanta da wanda, in an ce kuɗin hanyar jiharsa sun yi yawa, sai ya mai da maganar ta Kudu da Arewa ko ta masallaci da coci, alhali ya san cewa da zarar an shiga wannan fage babu mai sake duban adadi. Irin wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari a ƙasarmu, domin wutar da aka kunna a zauren majalisa a kan rabon kuɗi ba a zauren take mutuwa ba, takan bi rediyo ta sauka a majalisun ƙofar gida da teburin mai shayi, inda maƙwabta da ba su taɓa ganin littafin kasafi ba za su daina gaisawa a kansa.

Amma fa dole a faɗa wa masu kiran ladabi wata magana da ba za ta yi musu daɗi ba, wato cewa a hannun mai rinjaye ladabi yakan koma bulala. An dakatar da Jibrin kwanakin zama 180 a Satumban 2016 bisa laifin zubar da mutuncin majalisa. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar, mai tiriliyan 28.7, da ba a ga ayyukan da aka jingina su gare su ba. Majalisar dattawa ta musanta, ta ba da nata bayanin cewa kuɗin na hukumomin da ake ware wa kasonsu kai tsaye ne, sa'an nan ta dakatar da shi wata uku. Mai yiwuwa ne bayanin majalisar daidai ne, mai yiwuwa ne sanatan ya yi gaggawa. Amma in bayanin ya isa, mene ne amfanin dakatarwar, wadda ta bar mutanen mazaɓarsa ba wakili? Hujja da hujja ake rushe ta, kuma darasin da sauran 'yan majalisa suka ɗauka daga waɗannan hukunce-hukunce biyu shi ne cewa tona lissafi a bainar jama'a ya fi ihu a fuskar shugaban ƙasa tsada. Majalisar da ke tsare mutuncinta da haka ba za ta iya zargin jama'a ba idan suka munana mata zato.

Akwai kuma abin da tsarin mulkin Najeriya ya yi wanda ya cancanci a lura da shi, domin ya canza yanayin jayayyar gaba ɗaya. Sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa ikon ci gaba da kashe kuɗin gudanarwa har wata shida, gwargwadon na bara, idan ba a zartar da kasafi ba, saboda haka irin rufewar da ake yi a Amurka ba ta faruwa a nan, kuma wannan rahama ce ga ma'aikaci. Sai dai rahamar tana da nata farashi, gama tun da albashi da alawus suna tafiya, babu abin da ke matsa wa kowa ya gaggauta, sabbin ayyuka ne kaɗai ke tsayawa, su kuwa asibitin da ba a gina ba da gadar da ba a fara ba ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi musu yajin aiki.

Wurin da nake fata 'yan adawa su kai ɗacin bakinsu duka, ba tare da an rage musu ko kaɗan ba, shi ne ƙarshen shekara maimakon farkonta. Ranar gabatar da kasafi alkawari kawai ake karantawa, kuma jayayya a kan alkawari ba ta da alƙali. Amma sashe na 85 ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin Akanta Janar, kuma bisa al'adar da aka gada daga Ingila, ɗan adawa ne ya saba shugabantar kwamitin da ke duba wannan rahoto a kowace majalisa. A can ne ake iya kiran babban sakatare a zaunar da shi, a buɗe masa shafi, a tambaye shi rasit ɗin motocin da aka ce an saya da sunan ɗan kwangilar da aka biya bai je wurin aikin ba, kuma duk tsananin da aka yi masa a nan babu mai kiransa rashin ladabi, tun da takarda ce ke magana. Sau da yawa rahoton yakan iso ne a makare da shekara biyu ko fiye, lokacin da wasu daga cikin jami'an da ya ambata sun yi ritaya ko an canza musu ma'aikata, kuma ban taɓa jin an kaure da ihu a zauren majalisa saboda wannan jinkiri ba.